Sunan Ɗan Mudi

Ku gyara zama, musamman ku da 'ya'yanku ke daji cikin kaki, kuke yini da waya a hannu kuna jiran kira. Shari'a na kawo muku yau, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

Idan aka ambaci Yaƙin Bama, yaran yanzu ba su san komai ba sai sunan. Ba su san cewa an kwashi mutanenmu a jirgin ruwa an kai su wani daji da ba hanyar mota, inda abinci sai dai jirgin sama ya jefo shi da laima. Ba su san kuma cewa da yawa cikin waɗanda suka je ko bindiga ba a ba su ba, sai adda da gammo. Su ne 'yan dako, kuma a kansu harsashi da shinkafa suka haye duwatsu.

A cikin waɗanda suka je akwai wani mutumin garin nan, sunansa Mudi. Wata safiya suna ƙetare rafi, sai Japanawa suka buɗe musu wuta daga cikin gora. Harsashi ya sami Mudi a cinya, ya faɗi a bakin ruwa, aka ba da umarni kowa ya ja da baya. Da ya ga bayan 'yan'uwansa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Na yi wa Allah alkawari, duk wanda ya fitar da ni daga dajin nan, sunansa zan sa wa ɗana na fari!" Kun san a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne a yi wa mutum takwara. Ko ya mutu, ana kiran sa a gida safe da yamma.

Mutum uku ne suka fitar da shi. Na farko shi ne Kofur Zubairu, Bakatsine mai saurin fushi. Ya ji umarni da kunnensa, ya kuma ji kukan Mudi, sai ya zaɓi na biyun. Ya koma da rarrafe wuta na wucewa ta kansa, ya kama Mudi ta wuyan riga ya jawo shi cikin laka har bayan wani dutse. A nan ya bar yatsunsa biyu na hannun dama. Maimakon yabo, hafsan da ke kansu ya cire masa igiyoyinsa saboda ya saɓa umarni, ya koma farabiti, soja mara igiya, bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki. Ban ga laifin hafsan ba sosai, don da kowa zai yi gaban kansa da an ƙare su. Amma da Zubairu ya bi doka, da Mudi ya ruɓe a bakin rafin nan.

Na biyu shi ne Ishaku, Kirista daga Kagoro, mai ɗaurin ciwo a rundunar. Lokacin da aka kawo masa Mudi, bandeji ya ƙare a jakarsa. Ya yayyaga ƙyallen laimar jirgi ya dafa shi a gwangwani, ya ƙona wuƙa a wuta ya zaro harsashin, mutum huɗu na danne da Mudi. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kama su duka biyun, ƙwayoyin da suka rage kuwa na mutum ɗaya ne. Ishaku ya riƙa ba Mudi, shi kuma yana cewa ya riga ya sha nasa. Zazzaɓin bai kashe shi ba, amma ya bar masa karkarwar hannu, har ya dawo gida bai sake iya riƙe allura ba. Sana'ar da ya iya ke nan a duniya.

Na uku shi ne Haladu, ɗan dako daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, mutum mara magana wanda sojoji ke tsokana suna kiran sa jakin Bature. Filin da ƙaramin jirgi ke sauka ya ɗauki majinyata tafiyar kwana tara ne, masu ɗaukar marasa lafiya kuma sun riga sun yi gaba da wasu. Haladu ya rarraba kayansa ga abokansa, ya goya Mudi da igiyar laima kamar yadda uwa ke goya ɗa. Ya hau dutse ya sauka, matsattsaku na shan jininsa, ciwon ciki na cin sa, bai taɓa cewa wash ba. Ya sa Mudi a jirgi da hannunsa. Kwana biyu bayan haka Haladu ya rasu, aka binne shi a gefen filin. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Duk sanda na zo nan a labarin sai zuciyata ta karye, don har yau haka muke: mai bindiga muke gani, mai kai masa ruwa da mai dafa masa abinci ba wanda ke tambayar sunansu.

Mudi ya dawo gida yana ɗingishi, ya yi aure, matarsa ta haifi ɗa namiji. Na ga wani yana murmushi, zai ce a jira a haifi wasu biyu a raba. Babu wannan. Ciwon ya riga ya ci jikin Mudi, shi da kansa ya san ba zai ga yayen yaron ba, kuma bai gani ba.

Ranar suna da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka ɗaure rago. Zubairu ya zo, yana karɓar goro da yatsu uku. Matansa biyu, ba wadda ta haihu. Ya ce, "Mudi, ka ba wanda ka ga dama," amma bai iya haɗa ido da kowa ba. Ishaku ya yi kwana huɗu a hanya, a jirgin ƙasa da a ƙafa. Ya yi dariya ya ce, "Ni dai nama na zo ci," ya ɓoye hannuwansa a aljihu. Daga cikin gida kuma aka aiko cewa wata tsohuwa ta iso tun jiya, mahaifiyar Haladu ce. Da Mudi ya shiga gaishe ta, sai ta ce, "Ɗana, ban zo roƙon komai ba. Na zo ne in ga abin da ya ɗauko."

Mudi ya fito ya durƙusa gaban liman. Liman ya miƙo kunne yana jiran a raɗa masa suna, mahauci na tsaye da wuƙa. Mudi ya buɗe baki, hawaye suka riga maganar fitowa.

Jaririn nan ni ne. Kun tashi kuna ce mini Baba, ba wanda ya taɓa tambayar sunana na yanka, kuma ba zan faɗa ba sai na ji bakinku. Da ku ne a durƙushe gaban liman a wannan safiya, alkawari ɗaya, ɗa ɗaya, sunan wa za ku raɗa: Zubairu da ya jawo shi, Ishaku da ya yi jinyarsa, ko Haladu da ya goyo shi?