Akushin Ƙirya da Ya Tsage

An yi wani sarki a wani gari da sunansa ya kuɓuce mini yanzu, ko da yake ina jin na taɓa yada zango a masallacinsa lokacin da ƙafafuna ke da ƙarfi. Sunan sarkin dai Zubairu, wannan ban manta ba. Mutum ne mai ƙaunar adalci ƙwarai, sai dai yana son ya same shi da wuri.

A ƙofar fadarsa akwai wata tsohuwar bishiyar ƙirya wadda mahaifinsa ya kan zauna a gindinta yana sauraron ƙararraki. Wata shekara da farkon damina iska ta kayar da ita. Sarki ya yi baƙin ciki, ya ce wannan itace ba za a kai shi murhu ba. A sassaƙa masa akushi mai zurfi daga jikinsa, mai faɗin ciki da tsukakken baki kamar tulu, domin a zuba goro da dabinon sadaka ranar da za a yi wa mahaifinsa addu'ar shekara. Ranar kuwa ta riga ta matso, Sarki ya ce lallai a gama kafin ta zo.

Mutum biyu aka ɗora wa aikin. Jatau masassaƙi shi ke fitar da siffa da gizago, ya rarake ciki yana ƙwanƙwasa bango da yatsa yana sauraron kaurinsa. Barmo kuma shi ne mai zane: ya bi jikin akushin da wuƙa ya fitar da saƙa irin ta tabarma, ya ɗiga wuyan da ƙarfen da aka gasa a wuta har ya yi ƙurji-ƙurji kamar bayan kada, sannan ya shafe shi da man kaɗanya. Su biyun taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Suka gama a kan lokaci, aka yi sadaka, kowa ya yaba.

Da ruwa ya ɗauke, gari ya bushe, sai wata safiya aka iske akushin ya tsage daga baki har kusa da gindi. Sarki ya sa aka kirawo su.

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni lafiyayye na miƙa masa. Wannan mutumin ba ya ganin fili a jikin abu ya ƙyale, ko ƙwai ka ba shi sai ya yi masa tsaga."

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka biye wa bawan nan nawa. Shi ya rarake cikin har ya koma ɓawon albasa. Ai ko a gaban tuwo bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba."

Fadawa suka yi dariya, amma Sarki bai yi ba. Ya ce, "Itacen nan ba shi da na biyu. Wanda ya ɓata shi a cikinku za a karɓe kayan aikinsa, ya kwashi iyalinsa ya bar mini ƙasa."

Jatau da Barmo suka dubi juna. Can sai Jatau ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, wasa nake yi. Hannuna ne ya zarce." Barmo ya ce, "Ƙarya yake, ranka ya daɗe, 'ya'yansa ƙanana ne. Wuƙata ce ta yi zurfi."

Sarki ya juya ga Waziri Ɗayyabu, dattijo mai yawan shiru, ya ce, "Waziri, ɗazu duk sun ƙi laifin, yanzu duk suna sonsa. Ka fitar mini da mai shi kafin Juma'a."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, umarninka abin bi ne. Sai dai ina roƙon alfarma guda: kada a yanka mini rana, domin shaidar da nake son kira ba ta jin kiran ɗan aike." Sarki ya amince, amma ba da jin daɗi ba.

Waziri ya tafi rumfar Jatau ya zauna, bai yi tambaya ba, yana kallo kawai. Da zai tashi, sandarsa ta bugi wani abu a cikin tulin ɓarɓashin sassaƙa da ke kusurwa. Ya tona, ya ga akussa ne da ba a ƙarasa ba, masu kaurin bango, an binne su. Ya ce, "Jatau, me waɗannan suke yi a nan?"

"Barci suke, ranka ya daɗe. Ɗanyen itace in an rarake shi, sai a binne shi a cikin ɓarɓashinsa ya bushe a hankali, rani ya wuce ta kansa, sannan a ƙarasa a ba wancan maɓarnacin ya yi ƙyale-ƙyalensa."

"Na Sarki fa, ya yi barcin?"

Jatau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai ce wa Sarki ba yanzu ba?"

Waziri bai kai wannan magana fada ba, domin ya san hujjar da ta fito daga bakin wanda ake tuhuma ba ta da nauyi a kunnen mai fushi. Ya sa aka saro wata ɗanyar ƙirya daga daji, Jatau ya rarake ƙananan akussa biyu daga reshe ɗaya, kaurinsu ɗaya, ba a bar Barmo ya taɓa ko ɗaya ba. Ya kai su gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka zaɓi ɗaya da hannunka ya zauna kusa da kai, ɗayan kuma a binne shi a ɓarɓashi a ɗakin da kai kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa."

Haka aka yi. Juma'a ta zo ta wuce, wasu suka biyo ta. Sarki ya kan ce, "Waziri, ina shaidarka?" shi kuma ya ce, "Tana hanya, ranka ya daɗe." Jatau da Barmo kuwa suna zaune da kayansu a ɗaure, babu wanda ya ƙara tsokanar wani.

Ba a jima ba na kusa da Sarki ya tsage. Sarki ya ce, "To, Barmo ya fita, tunda bai taɓa wannan ba. Laifin Jatau ne." Waziri ya ce, "Mai yiwuwa ne. Amma shaidun biyu ne, ɗaya kawai ya yi magana." Sai da zafin bazara ya kai matuƙa aka buɗe ɗakin, aka tono ɗayan, aka iske shi lafiya lau, ya bushe, in an ƙwanƙwasa yana amo.

Sarki ya riƙe su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya daɗe yana tafakkuri. Ya ce, "Hannu ɗaya, reshe ɗaya. Me ya raba su?"

Waziri ya ce, "Ɗaya an bar shi har ya shirya, ɗaya an kira shi fada tun bai shirya ba."

"Wa ya kira akushin mahaifina?"

Waziri ya dubi ƙasa, fadawa suka dubi ƙasa. Sarki ya ce, "Kada kowa ya wahalar da kansa, na san shi. Kuma shi ne ya so ya kori mutum kafin Juma'a."

Ya sa aka kirawo taubasan nan ya nemi afuwarsu a gaban jama'a, ya ce daga yau duk mai sana'ar da aka ba aikin fada, shi zai faɗi lokacinsa kafin a yanka masa rana. Barmo ya numfasa ya ce, "Alhamdu lillahi. Da ma ina ta tunanin wa zai ciyar da bawan nan a baƙuwar ƙasa." Wannan karon Sarki ya yi dariya.

Waziri kuwa aka yi masa kyauta mai girma; na manta ko alkyabba ce ko gona, wataƙila duka biyun. Barmo ya nemi a ba shi akushin sadakar nan ya cike tsagar da ƙaro ya ɓoye ta a cikin zane, Sarki ya ƙi. Ya sa aka ajiye shi a inda yake zaman shari'a, zanen yana fuskantar jama'a, tsagar tana fuskantarsa.

Malamin da ya ba ni wannan labari, Allah ya jiƙansa, ya kan rufe shi da cewa: mai hukunci, kafin ya tambayi hannun wa ya yi ɓarna, ya fara tambayar bakin wa ya ce a yi sauri. Allah ne mafi sani.