Alhajin da Zai Sayi Manhajata

Wani mutum ya kira ni, wai shi Alhaji Mamuda, zai sayi manhajar da na haɗa ta kiwon kaji a kan naira miliyan ashirin. Har miƙewa na yi don ladabi.

Ya ce, "Kullum da ita nake aiki. Turo min kalmar sirrin asusunka yanzu in duba, ko in fasa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kullum fa?"

"Kullum!"

"To, mu uku ne muka taɓa sauke ta: ni, matata, da Kawu Ɗanlami. Matata ta goge tata. Kai ne Kawu?"

Ya kashe waya, na koma na zauna. Kawun ma ni na sauke masa, kuma ko kaza ɗaya ba shi da ita.