Kabarin Galadima Barmo

A zamanin da, Galadima Barmo ya gina wa wani waliyyi hubbare, sai Jatau, wan Galadima, ya riga shi mutuwa, aka binne shi dab da Malam, wato waliyyin nan. Abin ya tsaya wa Galadima a rai, ya sa aka kira Tunau mai haƙar kabari.

"Ni na yi gini, Jatau yana kwance yana kwasar albarka! Haƙa mini kabarin da albarkar Malam za ta tsallake shi ta zubo kaina. In ɗigo ya taɓa shi, a bakin ranka."

Tunau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, wannan ƙaramin aiki ne. Sai dai mu da kara muke awo, kuma gawa muke aunawa, ba mai rai ba. Ga karan na zo da shi. Ka cika yau, in auna in haƙa. In ka kwanta ka ji albarkar ba ta iso ba, ka aiko a fille kaina."

Galadima ya dubi karan nan, ya gyara zama. "Bar Jatau ya ɗan ƙara sha. Ai ɗan'uwana ne."