Haƙorin da Malam Isyaku Ya Hana Asuwaki Taɓawa

Akwai wani dillalin shanu a kara, kasuwar shanu ta Wudil, ana ce masa Malam Isyaku. Mutum ne mai baki, in ya fara yabon bijimi sai ka rantse har nono za a tatsa a jikinsa. Wata rana wani bijimi ya kai masa karo, haƙorinsa na gaba ya fita. Shekara da shekaru yana dariya da hannu a baki.

Babbar 'yarsa, Khaulat, ta gama karatu ta zama likitar haƙori a Kano. Da hannunta ta dasa masa sabo. Ta kafa ɗan ƙarfe a cikin ƙashin gurbin haƙorin, da wurin ya warke ta ɗora farin haƙori a kai.

Daga ranar, jama'ar kara suka shiga uku. Ko farashin akuya ka tambaya sai ya washe baki.

"Ka ga wannan? Aikin 'yata ne. Ita ta dasa shi!"

Abokin tsokanarsa, Sabo mai igiya, ya ce, "Mu dai muna nan. Ran da zai faɗo a cikin fura, mu za mu tsamo maka."

To, ga inda gizo ya yi saƙarsa. Khaulat ta ba shi ɗan siririn buroshi, ta ce ya riƙa wanke gindin haƙorin safe da yamma. Amma Malam Isyaku ya ga wannan haƙori ya fi ƙarfin a gurje shi. Kullum sai ya bi sauran haƙoransa da asuwaki, in ya zo kan sabon ya tsallake, kada ya girgiza shi. A ransa yana cewa ai ƙarfe ne, tsutsa ba ta cin ƙarfe. Goro kuwa bai fasa ci ba.

Sannu a hankali dasashin ya yi ja. Ya kumbura. Da alwala sai ya ga jini, daga baya har da mugunya, ga wari.

Tsoro ya kama shi, amma ba tsoron ciwon ba. Shi da ya cika gari da "aikin 'yata", yaya za a yi a ji aikin ya lalace? Sai ya ɓoye abin. Ya riƙa danna kanumfari a wurin, yana kurkure baki da ruwan gishiri. Ya koma dariya da hannu a baki.

Matarsa Talatu ce ta gane, ranar da ya ture gasasshiyar masarar da yake mutuwar so. Nan take ta buga wa 'yarta waya.

Khaulat ta iso ranar Asabar. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Baba, buɗe bakin in gani."

"Lafiyata ƙalau."

"Baba, don Allah."

Ya buɗe. Ta duba da kyau.

"Ina buroshin da na ba ka?"

"Yana cikin akwati, sabo fil. Ni fa ba na taɓa haƙorin nan, tattalinsa nake."

"Me ya sa ba ka gaya mini ya kumbura ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba na so a ce aikinki bai yi ba."

Idonta ya ciko. Ta ce, "Baba, ƙarfen ba ya ruɓewa, gaskiya ne. Amma naman da ƙashin da suka riƙe shi naka ne, kuma su ne ke ciwo. In ka ci gaba da ɓoyewa haƙorin zai fita. Ranar ce za a ce aikin Khaulat bai yi ba."

Wannan magana ta shige shi fiye da ciwon.

A asibiti hoto ya nuna ƙashin ya fara cinyewa, amma ƙarfen bai fara motsi ba. Khaulat ta yi masa allurar kashe zafi, ta ɗaga dasashin, ta kankare dattin da ya manne, ta wanke wurin tas, ta ɗinke. Ta ba shi magani da ruwan kurkure baki, ta sa masa ranakun dawowa. Ko ɗaya bai tsallake ba.

Da ya warke, ranar kasuwa ya sayi masara ya zauna daidai gaban Sabo. Ya cinye ta tsaf, ya zaro ɗan buroshinsa daga aljihu, ya wanke gindin haƙorin a gaban kowa.

"Sau biyu 'yata ta ba ni haƙorin nan," in ji shi. "Na farko ta dasa, na biyu ta ƙwato shi daga hannuna."

Aka yi ta dariya. Da mutane suka ragu, Sabo ya matso, ya rage murya.

"Isyaku, ni ma nawa dasashin yana jini. Ko za ka yi wa Likita magana?"

Malam Isyaku ya gyara zama, ya washe baki har kunne.

"Wace likita? Faɗi sunan da kyau, in ji."

Darasi: Abin da kake alfahari da shi kulawa yake so, ba ɓoyo ba. In kana da dasasshen haƙori, wanke shi kullum, kuma da ka ga jini ko kumburi ka garzaya wurin likita tun ƙashi bai cinye ba. Ku tura wa iyayenku da abokanku, wataƙila wani yana can yana dariya da hannu a baki.