Gashin Tayar Keken Hafsiba

Wannan labarin ba ji na yi ba, ba a waya na tsinta ba. Da idona na gani, idon nan da yake hango ƙaya a jikin taya daga tsallaken titi. Ni ne Baba Zakari mai keke. Shekara arba'in da ɗaya ina faci, duk keken da ke yawo tsakanin Narayi da Barnawa, nan Kaduna, ya san hannuna. Wanda ya ce ƙarya nake yi, rumfata tana nan gindin mangwaro kusa da filin firamare, ya zo ya same ni.

Akwai wani mutum a unguwar nan, sunansa Sylvanus, mu Injiniya muke ce masa. Aikinsa sa sola a asibitocin ƙauye. Litinin yana Kafanchan, Laraba yana Saminaka, ka tambaya ranar Alhamis a ce maka ya tsallaka Neja. Sai Juma'a da yamma motar kamfani ta sauke shi, jaka a kafaɗa, ido ya yi ja.

Mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba. Amma yana da ciwo guda, ciwon keke. Ba irin namu na ɗaukar buhu ba. Nasa siriri ne, da yatsa biyu za ka ɗaga shi. Duk Asabar da sassafe zai matse jikinsa cikin wani wando kamar fenti aka shafa masa, ya kifa hular kwano mai ramuka, ya bi 'yan ƙungiyarsu ta masu keke su miƙe hanyar Kachia. Sai azahar. Ya ce nan ne kawai kansa yake hutawa. Lahadi coci, barci, guga. Litinin kuma sai hanya.

Yana da 'ya ɗaya, Hephzibah. Harshena bai iya wannan sunan ba, na gwada har na kusa cije shi, sai na mai da ita Hafsiba, kuma tana amsawa.

Ranar da ta cika shekara tara ya saya mata jan keke mai kwando a gaba. A gaban baƙi ya dafa kanta ya ce, "Ni da kaina zan koya miki. Kar ki bari kowa ya riga ni."

Shi ya faɗa ya wuce. Ita ta riƙe.

Daga nan duk Juma'a, ina dawowa daga masallaci, zan tarar da ita a bakin rumfa da kayan makaranta, ta turo keken da hannu.

"Baba, a ba shi iska."

"Ai makon jiya na ba shi."

"A ƙara. Gobe Dadi zai koya min."

Sai in ba shi iska. Gobe ta yi, Dadi ya bi ƙungiya. Ya dawo a gajiye, ya ce mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya zo, aiki ya riƙe shi a Saminaka.

Wata rana na ce mata, "Ke, kawo in koya miki. Rabin Narayi ni na koya musu, har da wani fasto mai tumbi."

Ta ce, "A'a Baba. Dadi ya ce shi."

Uwarta, Madam Irene, malamar makaranta ce. Ta tsaya a rumfata ta ce, "Baba, na yi magana har na gaji. Na ce in sa ɗan maƙwabta ya koya mata, ta yi kwana biyu ba ta cin abincina. Shi kuma in na taɓa zancen, sai ya ce wa yake yi wa wahalar."

To, bari in koya muku abu biyu na sana'armu, kyauta.

Na ɗaya, sabuwar taya tana zuwa da wasu 'yan siraran roba a jikinta, kamar gashi. In ana hawa, sati biyu sun kakkaɓe. Na biyu, sirdin keke a kan ƙarfe yake, ana ɗaga shi in yaro ya ƙara tsawo. Amma ƙarfen yana da iyaka. Akwai layi a jikinsa, in ka wuce shi, sirdi ya fita a hannunka.

Hafsiba ba ta hawa, amma takan zauna a kai ina riƙe da kan keken, ta gwada ƙafa. In na ga gwiwa ta lanƙwashe da yawa, sai in ɗauko sifana in ɗaga. Duk ɗagawa sai in ja alama da ƙusa. Cikin shekara biyu ba kaɗan, na ja alama uku. Ta ukun a kan layin ƙarshe ta faɗa.

Wata Juma'a hadari ya taso, ta bar keken a wajena ta ruga gida. Ruwa na ɗaukewa sai ga Injiniya da nasa siririn, wai in duba birki, gobe suna da babbar fita, har baƙi za su zo daga Jos.

Ya hango jan keken. "Baba, wannan ba na 'yata ba ne?"

"Shi ne. Ashe ka gane shi."

Ya ɓata rai. "Baba, yi min aikina. Ka san hanyar da nake ci saboda yarinyar nan?"

Na ce, "Na sani, Injiniya. Shafa min tayar nan kawai."

Ya shafa. Gashi cif, ko ɗaya bai faɗi ba.

Na juyo masa ƙarfen sirdin. "Wannan alamar ta farko, lokacin haƙorinta na gefe ya fita. Wannan ta Ista. Wannan ta yau. Ka ga layin nan? Sirdi ya ƙare. Nan da Kirsimeti gwiwarta za ta riƙa bugun kan keken. Zai yi mata kaɗan, ba ta taɓa hawa ba."



Na ce, "Na ga keken da tsufa ya kashe, na ga wanda tirela ta kashe. Wanda jira ya kashe, wannan ne na farko."

Ya ɗauki kekensa ya tafi, ko sallama babu. Na ce a raina shi ke nan, na yi asarar kwastoma.

Washegari ina buɗe rumfa, 'yan ƙungiya suka wuce fuuu kamar jerin ƙadangaru masu launi. Na ƙirga, babu shi. Can sai ga shi cikin wandon fentin nan, har ya shirya ya fasa, yana riƙe da hannun Hafsiba. Ya karɓi jan keken suka shiga filin firamare.

Takalmin 'yan ƙungiyar nan akwai wani ƙarfe a ƙasansa, na maƙalewa a feda ne, ba na gudu ba. Yana riƙe sirdi ya fara binta, taku biyar santsi ya kwashe shi, sai ga babban Injiniya zaune daram cikin kwata, hular kwano ta rufe masa ido ɗaya. Ya fito, ya cire takalmin ya wurgar, ya ci gaba da gudu da safa.

Yarinyar nan dariya take yi har tana shaƙewa. Shekara biyu ina ganinta, ban san haka muryarta take ba.

Asabar ta biyu ya zo. Ta uku ya zo. Har ya gaya wa ogansa cewa ko ina aiki ya kai shi, Juma'a a Kaduna zai kwana.

Sai dai fa Hafsiba ba ta iya ba. Yana riƙe, tana tafiya sumul. Yana saki, sai ta karkace ta dire ƙafa. "Dadi, riƙe ni." Ya koma ya riƙe.

Bayan Asabar ta huɗu ya zo rumfata yana haki, ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Baba, yarinyar nan lafiya kuwa? Ni kwana biyu na yi na iya. In mako mai zuwa ba ta iya ba, kai zan bar wa ita, in koma wajen mutanena. Ƙila hannuna ne ba shi da sa'a."

Ta ji shi. Tana tsaye tana wasa da ƙararrawa, amma ta ji.

Ranar Laraba na tashi daga rumfa da wuri, na bi lungun bayan coci zan karɓo tub, robar cikin taya. Sai wani jan abu ya gifta ta gabana kamar an harbo shi. Ya kauce wa rami, ya kauce wa akuya, ya sha kwana. Hannu ɗaya a kan keke, ɗayan yana riƙe da gyaɗa.

Hafsiba.

Tana ganina ta damƙe birki har tayar baya ta ɗaga.

"Baba, don Allah kar ka faɗa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Da ya sake ni, na ji na iya."

"To meye na dire ƙafa?"

Ta duƙar da kai tana murza gyaɗar. "In na iya, an gama ke nan. Zai koma wajen abokansa."

Ni mutum ne da ko albasa ba ta sa ni hawaye, duk Narayi an sani. Amma ranar sai da na tsaya kallon wata bishiyar gwanda na ɗan lokaci.

Na ce mata, "Bakina ba zai faɗa ba." Kuma bai faɗa ba.

Asabar ta zo, suka biyo a ba keke iska. Na gama, na ce, "Injiniya, shafa min tayar nan kuma."

"Baba, ka sake dawowa da shafe-shafenka?"

"Shafa dai."

Ya shafa. Babu gashi ko ɗaya. Tsakiyar tayar ta yi sul, ga jar laka a maƙale, irin wadda babu ita a filin firamare.

Mutumin injiniya ne, ba sai an zana masa ba. Asabar huɗu a kan ciyawa, ana tafiya ana tsayawa, ba ta cin taya haka. Ya dube ni, na dubi mangwaro. Ya dubi 'yarsa, ta dubi ƙasa.

Ya durƙusa a gabanta. "Hephzi, kin iya?"

Ta kama wasa da ƙararrawar keken.

"Ba faɗa zan yi ba. Kin iya?"

Ta ɗaga kai alamar eh.

"To me ya sa kika bar ni ina ta gudu kamar mai bin kaza?"

Muryarta ta yi ƙasa. "In na iya, Dadi, ba sauran abin da zai sa ka zo."

Ya daɗe a durƙushe. Sai na ga ruwa yana bin gefen hancinsa. Ya share da bayan hannu ya ce zufa ce. Ƙarfe bakwai na safe, ga sanyin damina, wai zufa.

Ya miƙe ya ce, "Jira ni nan."

Yana juya baya idonta ya ciko, ta zaci shi ke nan. Minti goma sai ga shi a kan siririn kekensa, da wata ƙaramar hular kwano a rataye. Ashe tun ranar da ya sayi jan keken ya saye ta, tana cikin kwali a saman sif.

Ya ɗaura mata da kansa. Ya ce, "Wanda ya iya keke ba ya zagaye a fili, hanya yake bi. Ni kuma na gaji da kallon bayan ƙattai. Shiga gaba."

Suka bi ta cikin unguwa suka nufi Kamazou, ita a gaba, shi a baya yana tare mata motoci. Mutumin da yake wuce Keke Napep a guje, ranar har mai tura baro ya kusa wuce shi. Madam Irene ta biyo su a Napep da kular shinkafa. Ni ma na rufe rumfa na hau tsohon dokina na ƙarfe na bi su, don kula da birki kawai, ba don shinkafar ba.

Can bayan gidajen ƙarshe, inda gonakin masara suka fara, muka shimfiɗa zani a gindin ɗorawa. Hafsiba ta hau wani dutse tana nuna wa ubanta inda muka fito. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, 'yan ƙungiya ne. Ya ɗaga sau ɗaya ya ce, "Ina fita da kaftin ɗina," ya kashe.

Har yau Injiniya yana tafiye-tafiyensa, aiki bai ragu ba. Ƙungiya ma bai bari ba, Asabar ɗaya a wata tasu ce. Sauran ukun na kaftin ne.

Jan keken kuwa, yadda na faɗa haka aka yi, Kirsimeti na zuwa ya yi mata kaɗan. Amma kafin nan sai da na yi masa faci sau shida, taya ta cinye har zare ya fito. Haka ake son keke ya mutu.

Yanzu Madam Irene ce take koyo, Injiniya yana riƙe mata sirdi. Wata biyu ke nan, wai har yanzu ba ta iya ba. Na duba tayar kekenta, ta yi sul. Ni dai bakina ba zai faɗa ba.

Tunda kun karanta har nan, bari in sauke abu ɗaya daga wuyana. Maganar faɗawa kwata, ni na ƙara. Santsi dai ya kwashe shi, amma a kan ciyawa ya zauna, filin ma babu kwata. Hawayen nan kuwa, ko ɗigo ban ƙara ba.

Darasi: Yaro ba ya tsayawa ya jira ka gama aiki, girma yake yi kana hanya. Ka nemi abinci, ka huta yadda kake so, amma ka ware wa na gida ranar da ba sai sun yi dabara kafin su same ka ba. In ka yi wa yaro alkawari, ka cika tun sirdi bai ƙare ba. Ku tura wa duk uban da jakarsa ba ta sauka daga kafaɗa. Injiniya kawai za ku tsallake, bai san na jefa shi a kwata ba.