Inda Barde Arnul Ya Sauke Sirdi

A zamanin da ƙasar Turai take kurmi da fadama, kyarketai sun fi mutane yawa, an yi wani barde mai suna Arnul. Shekara goma sha tara yana yi wa sarkinsu yaƙi cikin sulken ƙarfe. Ana yi masa kirari: "Arnul ƙyauren ƙarfe, mai baƙin doki, maƙiyi bai san ƙeyarka ba." Da ƙarfinsa ya fara raguwa, sarki ya ba shi wani daji a bakin kogi, da talakawa gida arba'in, su sare su zauna.

Sun sare. Amma ƙasar laka ce mai nauyi, sai garmar shanu ke iya ta, ga shi annoba ta kashe shanun kaf. Saura kwana ashirin ƙanƙara ta rufe ƙasa, kuma alkamar da ba a shuka kafin nan ba, babu ita.

Dabba ɗaya ta rage, dokin yaƙin Arnul. Dokar ƙasar kuwa, barden da dokinsa ya ja garma, sai a karɓe takobinsa, ya zama talaka.

Wata tsohuwa mai ɗinkin fata, Gisila, ta same shi yana ba dokin hatsi.

"Ranka ya daɗe, abincinmu yake ci. Ya zo ya noma shi."

"Iya, kin san abin da kike roƙo? Sunana ne."

"Na sani. Jikokina ba za su ci suna ba."

Kwana uku suka wuce. A na huɗu Arnul ya sauke sirdi da hannunsa. Aka ɗaura wa dokin igiya a wuya yadda ake wa shanu. Da ya ja, igiyar ta shaƙe shi, ya durƙusa.

Gisila ba ta da karatu, amma ta yi wanki a gidan malaman coci, ta taɓa ganin zanen doki da gammo a kafaɗa cikin wani littafinsu. Ta ce, "Ba ni sirdin." Arnul ya miƙa mata. Ta farke shi, ta cusa gashin tumaki, ta ɗinka gammon. Doki ya ja da kafaɗa, laka ta tsage.

Tsofaffi sun ce ƙanƙara ta iso hayin kogi ta tsaya cak, ba ta ƙetaro ba sai da aka rufe kunyar ƙarshe.

Manzon sarki ya zo ya tafi da takobin. Arnul ya rasu manomi, ba a busa masa ƙaho ba. Gida arba'in kuwa ba wanda ya mutu da yunwa, wurin ya zama kasuwar alkama, fatake na zuwa cikin jiragen ruwa.

Sunan garin a harshensu, Inda Aka Sauke Sirdi. Har yau, duk shekara in za a fara noma, baƙin doki ke yin kunyar farko, tsohuwa ke sa masa gammo, kuma wanda ya fi kowa girma a garin shi ke riƙe garma, kai ba hula.