'Yan Gayyar Tabawa

Ranar Alhamis ce. Sama ta yi lumshi, ruwan shuka ya kwana tara da sauka. A ranar Jatau ya hau motar kasuwa zuwa birni don a cire masa yanar ido. Ku kasa kunne, ba zan maimaita ba.

Jatau tsoho ne marar yawan magana. Matarsa Tabawa ta rasu shekara biyu kafin nan. Ta bar masa 'ya'ya uku, duk sun yi iyali, da garka a bayan ɗakinsa. Ba wata babba ba ce, taku ashirin, an kewaye ta da darni. Akwai yakuwa, akwai alayyafo. Amma abin da ke sa Jatau leƙa ta kafin ya karya kumallo, kuɓewa ce, wata gajeriya mai jan baki, wadda biyar sun ishi tukunya yauƙi. Tabawa ta zo da irin ƙulle a bakin zane ranar da aka kawo ta amarya. Can garinsu ma sun daina shuka ta tuntuni, sun koma irin kanti. Bara awaki suka fasa darni suka cinye ta tun ba ta ƙosa ba. Abin da ya rage a ɗan goran iri bai cika tafi ba, kuma in ya ƙara shekara ba zai tsiro ba. Sai Jatau ya juye shi duka a rami goma sha bakwai. Sha huɗu suka fito.

A garkar akwai abu biyu da duk wanda ya gani sai ya ce ƙazanta ce: tarin tsohon kara da ƙaya a kusurwar gabas, da gindin fasasshiyar randa da aka binne, kullum da koren ruwa a ciki. Bushiya ke zaune ƙarƙashin karan, kwaɗi kuma a randar. Su ke cinye tsutsa da gyare masu yanke tsiro. Sau ɗaya tak Tabawa ta yi masa bayani, tun suna da ƙuruciya, ranar da ya ɗauko tsintsiya da ashana.

"Malam, bar mini 'yan gayyata," in ji ta. "Su ba sa neman fura, ba sa kuma tashi tun azahar kamar abokanka."

Daga ranar bai sake taɓa wurin ba. Bai kuma taɓa gaya wa kowa dalili ba.

A bakin mota ya ce wa 'ya'yan, "Ku kula da garkar uwarku."

Kande, autarsu, ta ce, "Baba, me da me za mu yi mata?"

"Kula na ce." Ya shiga mota.

Kwana ashirin ya yi a gidan ƙaninsa, don ido biyu aka yi wa aiki, ɗaya bayan ɗaya. A tsakanin nan ruwa ya ɗauke, ga kuma abin da ya faru.

Nomau, ɗan fari, ya shiga garkar ya ga saɓar maciji a bakin tarin karan. Ya tuna tsoho zai dawo da ɗanyen ido, kuma kullum a nan yake sunkuyawa ba takalmi. Ya jiƙa darni da ruwa, ya cinna wa tarin wuta. Kububuwa ta fito, kaurinta ya kai ƙotar fartanya, ya kashe ta. Da ba a ƙone tarin ba, Allah kaɗai ya san wanda za ta sara. Da toka ta huce, ya ga bushiya da 'ya'yanta huɗu a ciki. Ya kwashe su da tokar ya zubar.

Dogara, na biyu, shi ya yi jinyar uban bara, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku bai san wanda ke kansa ba. Ƙanin ubansu ya bugo waya ya ce likita ya yi kashedi, kada zazzaɓi ya kama tsoho kafin ido ya warke. Dogara ya leƙa randar, ya ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, ga tagar ɗakin tsoho taku uku daga wurin. Ya tone randar ya jefa bayan darni, ya watsa kwaɗin waje da shebur, ya cike ramin da yashi. Damina ta ƙare zazzaɓi bai taɓa Jatau ba, wannan gaskiya ne.

Kande kuwa ita ke tasowa daga unguwar mijinta kowace safiya da tulu tana ba kuɓewar ruwa. Ba don ita ba, da farin nan ya ƙone ta tun makon farko. Kwana biyar bayan aikin yayyenta, ta tarar an yanke tsiro biyu daga gindi. Washegari uku. Ta bi Nomau har gona.

"Yaya, ana cin kuɓewar Inna."

"Zuba toka," in ji shi, bai ɗago daga noma ba. Ta aika a kira Dogara, shi ma bai zo ba.

Ta zuba toka. Da safe ta ƙirga bakwai. Ta je ta sayo maganin ƙwari, ta auna daidai yadda mai shago ya ce, ta sauko da injin feshin mijinta daga bango. Mijin yana gonar nesa. Ba ta san maganin ciyawa ya fesa da shi na ƙarshe ba, bai kuma wanke ba. Tsutsa ta mutu. A kwana na uku kuɓewa ta yi rawaya ta nannaɗe, yakuwa da alayyafo suka bi ta. Da ba ta yi feshin ba, tsutsa za ta gama da bakwai ɗin kafin mako, wannan ma gaskiya ne.

Jatau ya dawo da la'asar, da baƙin tabarau. Rabonsa da gani tar haka shekara shida. Ko ruwan da aka miƙa masa bai sha ba, ya zarce bayan ɗaki. Bai taɓa ganin garkar da tsabta haka ba. Ga baƙin tabo a kusurwar gabas, ga farin yashi, ga busassun tsinke bakwai a tsaye. Ya gan su sarai, har jan da ke gindinsu.

'Ya'yan suka biyo shi. Ba wanda ya ɓoye abin da ya yi. Kande ta fara, tana magana tana share ido da bakin mayafi.

Dogara ya ce, "Ke ma dai, mutum ya ɗauki injin wani bai sansana ba?"

"Da kun zo lokacin da na kira ku, da kai ka sansana," in ji Kande.

Jatau bai kula su ba. Ya nuna kusurwar da sanda. Ba ya kama sunan ɗan fari, sai ya ce, "Kai. Bushiyar fa?"

"Ta ƙone, Baba. Amma da ka ga macijin..."

"Kwaɗin fa?"

"Na kore su," in ji Dogara. "Baba, wai ana maganar kuɓewa, me ya kawo kwaɗo?"

Jatau ya buɗe baki. Amsar ba ta da tsawo. A bakin mota ya kamata a faɗe ta, ko shekara talatin kafin motar. Ya rufe bakin.

Kande ta dube shi, ta ce a hankali, "Baba, ai na tambaye ka."

"Kin tambaya," in ji shi.

Ya shiga ɗaki ya sauko da goran iri, ya girgiza shi kusa da kunne, ko da yake shi da hannunsa ya juye shi. Ya mayar ya rataye.

Washegari da hantsi ya zagaya bayan darni ya jawo gindin randar, ya tone yashin ya binne ta, ya cika ta da ruwa. Ya ja tsohon kara da ƙaya ya tara a kan baƙin tabon. Sannan ya aika aka kira su ukun, ya gaya musu abin da uwarsu ta gaya masa. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba.

Irin dai ya tafi, ba za a sake cin miyarsa ba. Nomau ya tsare uban daga maciji, Dogara ya tsare shi daga zazzaɓi, Kande ta tsare tsiron daga fari, shi kuma tsohon ya riƙe amanar matarsa har bai gaya wa kowa ba. To, ku da kuke zaune, a cikin huɗun nan wane ne ya kashe kuɓewar Tabawa?